Kalmar Churn: Yadda Za Ka Gane Ma'anarta, Ka Kuma Lissafa Kwastomomin Da Ke Zurare Maka

Cikin 'yan watannin nan tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini ta bakin mutane daban-daban: me kalmar Turancin nan churn take nufi? Wani mai sayar da data yana cike fom ɗin neman jari, ya iske gurbin da aka rubuta churn rate, ya tsaya cak. Wata baiwar Allah mai kai abinci ofisoshi ta buɗe ƙamus, ta ga an ce kalmar tana nufin kaɗa nono, ta ce to ina ruwan shinkafa da miyarta da man shanu? Ƙamus bai yi mata ƙarya ba, ma'ana ɗaya ya ba ta cikin ma'anoni da yawa. Ga yadda ake bin abin daki-daki, tun daga gane abin da ake nufi har zuwa fitar da lambar da za ka rubuta a wannan gurbi.

Abin da za ka tanada

Babban littafi mai layi irin na 'yan kasuwa, biro, da kalkuletar da ke cikin wayarka. Idan kwastomominka sun haura ɗari, ka buɗe Google Sheets. Kyauta ne, datar buɗe shi kawai za ka kashe. Excel ma yana yi idan kana da shi a kwamfuta. Akwai manhajojin da ake biyan kuɗinsu da dala duk wata don wannan aiki, amma ban ga dalilin da mai kwastoma ɗari biyu ko uku zai sa kansa cikin wannan ba. Abin da zai ci maka da gaske shi ne lokaci: ka ware rabin yini a karon farko, bayan nan kuma kamar rabin awa a ƙarshen kowane wata, sai ɗan katin waya na kiran mutane.

Mataki na 1: Tantance wace churn ake magana

Kalmar tana fara da sautin "c" irin na kalmar Hausa "can", kuma amonta ɗaya da turn da burn. Hoton da ke ƙarƙashinta shi ne na Bafulatana tana girgiza gorar nono har mai ya taso ya rabu da tsala. Motsi ne mai ƙarfi, wanda ba ya tsayawa, abin da ke ƙasa ya hau sama, na sama ya koma ƙasa. Sauran ma'anonin duk daga nan suka tsiro, don haka ka dubi kalmomin da ke kewaye da ita:

Idan akwai madara ko mai a jimlar, kaɗa nono ake nufi, ko mazubin da ake kaɗawa a ciki. A Ingila har doguwar garwar ƙarfe da ake ɗaukar madara a ciki da wannan suna ake kiranta.

Idan ruwa ne ko laka, musamman aka ce churn up, to dama wa ne ko cakuɗawa, kamar yadda tirela ke yi wa hanyar ƙasa da damina.

Idan ciki ne, my stomach is churning, mutum yana cewa cikinsa na juyawa, ko don tashin zuciya ko don fargaba.

Idan ka ga churn out, ana nufin fitar da abu da yawa cikin gaggawa, kuma galibi akwai ɗan zagi a ciki: an yi yawa, ba a yi inganci ba.

Idan maganar hannun jari ce, churning shi ne dillali ya riƙa saye da sayarwa a asusun mutum ba don amfanin mai kuɗin ba, sai don ya tara la'ada. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka tana ɗaukar wannan a matsayin laifi.

Idan kuwa ka gan ta kusa da kwastoma, masu biyan kuɗin wata, ko ma'aikata, wannan ita ce tamu: mutanen da suke tare da kai suka daina. Tun da NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, ta buɗe damar ƙaura daga wani layin waya zuwa wani ba tare da canza lamba ba a watan Afrilun 2013, duk wanda ya ƙaura ya zama churn a littafin kamfanin da ya baro. Da Hausa ni ina kiran abin zurarewar kwastoma, domin yawancinsu ba sa sallama. Wata rana kawai za ka farga ka kwana biyu ba ka ga mutum ba.

*Hattara:* a takardun kasuwanci, idan aka rubuta kalmar ita kaɗai ba tare da wani bayani ba, kusan kullum zurarewar kwastoma ake nufi. Kada ka ɓata lokaci kana neman wata ma'anar.

Mataki na 2: Yanke wa'adin da za ka ce mutum ya tafi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake tsaye. Mai kamfanin da ake biya duk wata ba shi da wahala: wanda bai sabunta ba ya tafi. Amma mai burodi, mai ruwan leda, tela, mai data, babu wanda ke zuwa ya ce musu na bar ku. Dole kai ka ja layi da kanka.

Dubi tazarar da kwastomanka na yau da kullum ke ɗauka tsakanin saye da saye, ka ƙara rabinta a kai, ko ka ninka ta. Wanda ke sayen datar wata ɗaya, ka ba shi kwana 45. Mai shayin da ke karɓar burodi kullum safiya, idan ya yi kwana bakwai shiru, akwai magana. Tela kuwa ba zai auna da kwanaki ba. Shi daga salla zuwa salla zai duba. Manyan kamfanoni ma haka suke yi: a ƙa'idar NCC, layin da ya yi kwana 90 bai yi wata hulɗar da ta kawo kuɗi ba, ba a ƙirga shi cikin layukan da ke aiki.

Rubuta wa'adinka a shafin farko na littafin, da manyan baƙi.

*Hattara:* kada ka riƙa canza wa'adin daga wata zuwa wata. Idan wannan watan kwana 45 ne, wata mai zuwa ka mayar da shi 60 don lambar ta yi maka daɗi, kanka ka yaudara, kuma ba za ka iya kwatanta watannin biyu ba.

Mataki na 3: Shirya jerin sunaye

Ginshiƙi huɗu sun isa: suna da lambar waya, ranar sayen farko, ranar sayen ƙarshe, da kimanin abin da yake kashewa a wata. Ba sai ka yi haddar komai ba. Tarihin alat na banki, rasit ɗin POS da hirarrakin WhatsApp za su cike maka mafi yawa.

Kafin ka wuce, tsefe jerin. Mutanenmu masu layi biyu da uku ne, mutum ɗaya zai saya yau da wannan lamba, gobe da waccan. Idan ba ka haɗe su ba, za ka rubuta mutum ɗaya a matsayin wanda ya tafi kuma a matsayin sabon shiga. Akwai kuma akasin haka: maigidan da ke saya wa matansa da 'ya'yansa daga asusunsa. Wanda ke biya shi ne kwastoma, shi za ka ƙirga, sau ɗaya.

A Google Sheets, idan ranar sayen ƙarshe tana ginshiƙin C, rubuta =TODAY()-C2 a wani ginshiƙi da babu komai a cikinsa, ka ja shi ƙasa. Zai nuna maka kwana nawa kowa ya yi bai saya ba.

*Hattara:* masu shan ruwan tsuntsaye, waɗanda suka saya sau ɗaya a kan hanya suka wuce, ba kwastomomi ba ne tukuna. Ni ba na sa mutum a jerin sai ya saya sau biyu. Idan ka zuba su ciki, lambar za ta kumbura ta tsorata ka a banza.

Mataki na 4: Kulle adadin ranar farko

Ranar 1 ga wata, ƙirga duk waɗanda ba su ƙetare wa'adinka ba. Rubuta adadin, ka ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Duk wanda ya shigo bayan wannan rana sunansa ƙasan layi zai sauka, ba ruwansa da lissafin wannan watan.

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira da za mu bi har ƙarshe: mai sayar da data, ranar 1 ga Maris yana da kwastoma 200.

Mataki na 5: Ƙirga waɗanda suka zurare, ka raba

Ranar ƙarshe ta wata, koma kan sunaye 200 ɗin nan da ke saman layi, su kaɗai. Mutum nawa ne suka ƙetare kwana 45 a cikin watan? A ce 24. A cikin watan kuma an sami sababbi 30, don haka yanzu yana da 206.

Lissafin shi ne: waɗanda suka tafi, a raba da adadin ranar farko, a ninka da 100. Wato 24 a raba da 200, a ninka da 100, ya ba da 12. Zurarewar watan Maris kashi 12 cikin 100 ce. Waɗanda suka tsaya kuma kashi 88 ne. Idan fom ya tambayi retention, wannan lambar yake nema.

*Hattara ta farko:* kada ka cire 200 daga 206 ka ce ai ƙaruwa ma na yi, babu wanda ya tafi. Wannan shi ne tufka da warwara: ka sha wahala da kuɗin talla ka kawo mutum 30, ribar da ta tsaya a hannunka mutum shida. Ko a labaran manyan kamfanoni sai an lura da wannan bambanci. Lokacin da Netflix, kamfanin haska fina-finai ta intanet, ta sanar cewa masu biyanta sun ragu da kimanin 200,000 a watanni ukun farko na 2022, wannan ragowa ce bayan an haɗa da sababbin shiga. Waɗanda suka fita a zahiri sun fi haka.

*Hattara ta biyu:* kada ka raba da 230 ko da 206. Raba 24 da 230 zai ba ka kusan kashi 10, ka ga ya yi kyau, alhali sababbin nan 30 ba su ma daɗe da za su iya ƙetare wa'adi ba.

*Hattara ta uku:* idan kwastomominka ba su wuce 20 ba, mutum ɗaya ya tafi kashi 5 ke nan. Lambar za ta riƙa tsalle sama da ƙasa ba tare da wata ma'ana ba. Ka yi lissafin wata uku-uku.

Wanda ya tafi ya dawo bayan wa'adi fa? Kada ka goge shi daga lissafin watan da ya tafi, kada kuma ka kira shi sabo. Buɗe masa gurbi na daban, na waɗanda suka dawo.

Mataki na 6: Sake lissafin da kuɗi

Kawuna ba ɗaya suke ba. A ce mutum 200 ɗin nan suna kawo cinikin naira 900,000 a wata. Cikin 24 da suka tafi, 21 masu sayen naira 3,000 ne, wato 63,000. Sauran ukun kuwa masu shago ne da ke sara a hannunsa, kowanne naira 40,000, wato 120,000. Jimilla 183,000. Raba da 900,000, ka ninka da 100: ya ɗan haura kashi 20.

Ka ga a kawuna kashi 12 ya rasa, a aljihu kuma ɗaya bisa biyar na cinikinsa. Mutum ukun nan sun kusa ninka sauran 21 ɗin a nauyi. Shi ya sa nake cewa idan lokacinka bai isa ka yi lissafi biyu ba, ka yi na kuɗi. Turawa na kiran wannan revenue churn, na kawuna kuma customer churn, kuma mai zuba jari da ya san aikinsa zai tambaye ka wanne ka rubuta.

Mataki na 7: Mayar da na wata zuwa na shekara

Kashi 12 sau wata 12 ya ba da 144, kuma babu wanda zai rasa fiye da abin da yake da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba a ninkawa. Dalili shi ne kowane wata daga ragowar ake cirewa, ba daga 200 ɗin farko ba.

Ɗauki kason waɗanda suka tsaya, 0.88, ka ninka shi da kansa har sau 12 a kalkuleta. Za ka sami kimanin 0.22. Wato daga cikin mutum 200 na watan Maris, kusan 43 ne za su kai Maris na baɗi. Kashi 78 sun tafi. Ko kashi 5 a wata, da mutane ke rainawa, yana cinye kusan kashi 46 a shekara.

Akwai wani ɗan lissafi mai amfani a nan. Raba 100 da kason zurarewa, za ka sami kimanin watannin da kwastoma ke yi tare da kai: 100 a raba da 12, wata takwas da 'yan kwanaki. Idan ribarka a kan kowa naira 300 ce a wata, duk abin da za ka ci a kansa kusan naira 2,500 ne. To idan kana kashe 3,000 a talla da garaɓasa kafin ka samo mutum ɗaya, ciniki na ta yawa kana ta karyewa. Ka sauko da zurarewar zuwa kashi 8, zaman ya koma wata goma sha biyu da rabi, ribar ta koma 3,750, ba tare da ka ƙara ko sisi a farashi ba. Masu iya magana da suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba su san Google Sheets ba, amma lissafinsu ya fita.

*Hattara:* wannan lissafi yana ɗauka kowane wata irin ɗan uwansa ne, kuma a ƙasarmu ba haka ba ne. Da damina ta faɗi 'yan ci-rani sun koma gona. Da azumi mai abincin rana zai ga shagonsa wayam. Da hunturu mai ruwan leda da ƙanƙara zai ga kamar an yi masa asiri. Ɗalibai kuma hutu ɗaya ya kwashe su. Kada ka ɗauki watan azumi ka gina shekara a kansa. Ka tara aƙalla wata shida ka ɗauki matsakaici, kuma idan ka samu shekara biyu, kwatanta Ramadan da Ramadan, ba Maris da Maris ba, tunda azumi yana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya duk shekara.

Mataki na 8: Rarraba su, sannan ka kira

Lamba ba ta faɗin dalili. Ɗauki sunaye 24 ɗin nan ka kasa su uku. Akwai waɗanda suka tafi da niyya, sun sami mai rahusa ko an ɓata musu rai. Akwai waɗanda wani abu ya fitar da su ba da son ransu ba: waya ta ɓace, an canza wurin aiki, ko an rufe layi, kamar yadda aka rufe layuka masu yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN. Akwai kuma na uku da littattafan Turawa ba su cika ambata ba: wanda ya ci bashi, kunya ko ƙeta ta sa yake zagaye ta wani layin don kada ku haɗu. Na biyun sun fi sauƙin dawowa, sau da yawa tuni kawai suke buƙata. Na ukun kuwa ba matsalar zurarewa ba ce, matsalar ba da bashi ce, magani daban take so.

Duba kuma ranar sayen farko. Idan mafi yawan waɗanda suka tafi sun shigo ne lokacin da ka yi garaɓasa, to ba kai suka zo wa ba, rangwamen suka zo wa.

Sai kira. Fara da manyan ukun nan, kuma da murya, ba saƙon da aka tura wa kowa ba. "Alhaji, barka da war haka. Kwana biyu shiru, na ce bari in ji ko lafiya." Ga mace babba, "Hajiya, ina fata ba laifi muka yi ba." Ka gaisa sosai, ka yi tambaya ɗaya, ka yi shiru. Bahaushe ba zai ce maka kayanka ba kyau kai tsaye; zai ce wallahi abubuwa ne suka yi yawa, ko zan neme ka. Sai a jimla ta uku ko ta huɗu za ka ji cewa ranar nan ya tura kuɗi ya yi awa biyu yana jira. Wannan ce amsar, ita za ka rubuta a gaban sunansa.

*Hattara:* kada ka yi gardama, kada ka yi tallar komai a kiran farko. Kuma lambobin mutane amana ce. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Kada ka tattara su ka jefa a zauren WhatsApp ba da izininsu ba, kada ka ba wani.

Mataki na 9: Rubuta shi daidai a fom ko rahoto

Koyaushe ka haɗa lambar da tsawon lokaci da kuma nau'inta. Kashi 12 kawai ba ya nufin komai. A wata ne ko a shekara, a kawuna ne ko a kuɗi? Jimla irin wannan ta wadatar: Our monthly customer churn is 12 percent. Idan aikatau kake so: 24 customers churned in March. Lura cewa kwastoma ne ke aikata aikin, ba kai ba.

Kuskure biyu nake yawan gani. Na farko, mutum ya rubuta we churned out 24 customers, wanda ke nufin ya ƙera su ya fitar kamar bulo daga inji. Cire out ɗin nan, ka juya jimlar. Na biyu, musanya ta da turnover. Idan maganar ma'aikata ce, su biyun suna iya zama wuri ɗaya, masu barin aiki da masu maye gurbinsu. Amma a Turancin Ingila, wanda takardunmu suka fi bi, turnover ita kaɗai tana nufin jimillar cinikin da kamfani ya yi. Wanda ya rubuta cewa turnover ɗinsa ya yi yawa yana yabon kansa ne. Wanda ya ce churn ɗinsa ya yi yawa kuka yake yi.

Idan fom ɗin yana da wurin ƙarin bayani, sa wa'adin da ka yanke a mataki na 2 da adadin watannin da ka ɗauki matsakaicinsu. Idan kuma wata ɗaya kacal ka lissafa, ka rubuta cewa na wata ɗaya ne, ka ambaci watan.